Shari'ar Granholm da Heald: Wa Ke da Ikon Aika Giyar Inabi Har Ƙofar Gida a Amurka?

Ranar 16 ga Mayu, 2005, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci da ya raba alƙalanta tara gida biyu, biyar suka rinjayi huɗu. Tambayar da aka kawo gabanta gajeriya ce: shin jiha tana da ikon barin masu gonakin inabi na cikinta su aika wa mai saye giya har ƙofar gidansa, amma ta hana na wata jiha yin haka? Jihohin Michigan da New York ne ake ƙara. Shari'ar ta ɗauki sunan Jennifer Granholm, gwamnar Michigan ta lokacin, da Eleanor Heald, wata mai rubutu kan giyar inabi a jaridu, wadda ita da mijinta Ray suke cikin masu ƙara.

Galibin masu karanta wannan, giya haramun ce a wurinsu, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a wannan shari'a an ɗauki dokar da aka ce an yi ta don kare jama'a, aka auna ta, aka tambaya wa take karewa a zahiri. Wannan tambaya ta shafi kowace ƙasa mai tsarin tarayya da kowace irin haja.

Tushen rigimar ya girmi duk wanda ya tsaya a kotun ranar. A ƙarni na 19 wasu jihohi, irin su Maine da Kansas da Iowa, sun haramta giya a cikin iyakokinsu. Sai dai kundin tsarin mulkin Amurka ya damƙa tsara ciniki tsakanin jihohi ga majalisar tarayya, kotuna kuma sun daɗe suna fassara hakan da cewa jiha ba ta da hurumin tare kayan wata jiha a bakin iyaka. A 1890 Kotun Ƙoli ta ce Iowa ba za ta hana sayar da giyar da aka shigo da ita ba muddin tana cikin mazubin da ta zo a ciki. Majalisa ta yi dokar Wilson a wannan shekarar don toshe kafar, amma a 1898 kotun ta buɗe wata, ta ce dokar jiha ba ta hawa kan kaya sai sun shiga hannun wanda aka aiko wa. Jihar da ta rufe mashayunta sai ta koma tana kallon jirgin ƙasa yana sauke barasa da sunayen mutane ɗaiɗaiku, ba ta da abin yi. Ba a ɗinke wannan ɓaraka ba sai a 1913, da dokar Webb-Kenyon, wadda majalisa ta zartar duk da Shugaba Taft ya ƙi sa mata hannu. Ita ce ta haramta shigar da giya cikin jiha idan hakan ya saɓa wa dokar jihar.

Wato ke nan, aika giya kai tsaye zuwa gida shi ne ainihin abin da ya addabi jihohin da suka haramta ta da gaske. Duk wanda ya san wannan ba zai yi saurin raina hujjar jihohi ba.

Daga Janairun 1920 aka haramta giya a faɗin ƙasar ta gyara na 18 ga kundin tsarin mulki. Abin da ya biyo baya sananne ne: fasa-ƙwauri, gungun 'yan daba irin na Al Capone a Chicago, da giyar bayan fage da ke makantar da mutane ko ta kashe su. Ranar 5 ga Disamba, 1933, gyara na 21 ya soke haramcin. Amma sashensa na biyu ya bar wa jihohi makami: ya haramta shigar da giya cikin kowace jiha ta hanyar da ta saɓa wa dokokinta. Da wannan sashen ne Mississippi ta ci gaba da haramcinta har 1966. Babu wata haja a Amurka, ko taba ko bindiga, da kundin ya ba jihohi irin wannan iko a kanta da sunanta.

Jihohin da suka halatta kuwa, mafi yawansu sun kafa tsari mai hawa uku. Mai yin giya ya sayar wa dila mai lasisin jihar, dila ya sayar wa mai shago ko mai gidan abinci, shi kuma ya sayar wa mai sha. Ba a yarda mutum ɗaya ya riƙe hawa biyu ba. Dalilin yana da tushe. Kafin 1920 kamfanonin giya ne suka mallaki mashayu da yawa, suna matsa wa masu kula da su lamba su sayar ko ta halin ƙaƙa, abin da ya jefa gidajen leburori cikin masifa. Sanya dila a tsakiya ya raba kamfani da mashaya, ya kuma ba gwamnati ƙofa ɗaya da za ta tsaya ta karɓi haraji ta ƙirga abin da ke shigowa.

Shekaru kusan saba'in bayan soke haramcin kasuwar ta sauya kamanni, doka ba ta motsa ba. Alƙaluman da kotun kanta ta kawo sun nuna gidajen matsar inabi a ƙasar sun haura 3,000, fiye da ninki uku na adadinsu shekaru 30 kafin nan, yawancinsu ƙanana ne na iyali. Diloli masu lasisi kuma sun ragu daga 1,600 a 1984 zuwa 600 a 2002, saboda manya suna haɗiye ƙanana. Babban dila ba ya ɓata lokacinsa kan mai gonar da ke fitar da katan dubu biyu ko uku a shekara, ya fi son kamfanin da zai cika masa tirela. Ƙaramin mai gona sai ya ga dokar ta ce lallai ya bi ta hannun dila, dilan kuma ba ya ko ɗaga masa waya.

Jihohi da dama sun tausaya wa manomansu, sai suka yi musu togaciya. A Michigan, gidajen matsa na cikin jihar, kimanin 40 a lokacin, suna iya aika wa mai saye kai tsaye da lasisin da ƙaramin mai gona ke biyan dala 25. Na wajen jihar zai biya dala 300, kuma lasisinsa bai ba shi damar komai ba sai sayar wa dila. New York ta fi iya lulluɓe nata. A takarda ba ta hana kowa ba, cewa ta yi baƙo ma yana iya aikawa, amma sai ya buɗe reshe ko ofis ko ɗakin ajiya a cikin jihar. Har aka je kotu babu wani mai gona na waje ko ɗaya da ya cika wannan sharaɗi, don wanda ke sayar da 'yan katan a shekara ba zai iya kama haya a kowace jiha ba.

Cikin waɗanda abin ya ci wa tuwo a ƙwarya akwai Juanita Swedenburg, wata dattijuwa mai ƙaramar gonar inabi a Middleburg ta jihar Virginia, da David Lucas na California. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sukan zo gonarsu, su ɗanɗana, su saya, su koma gida. Idan wanda ke New York ya kira yana son a aiko masa da ƙari, dole a ba shi haƙuri. A ɓangaren Michigan akwai gidan matsa na Domaine Alfred da ke San Luis Obispo a California, mai fitar da katan 3,000 a shekara, tare da su Heald da wasu masu saye. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida ta soke dokar Michigan a 2003. Ta shiyya ta biyu ta tabbatar da ta New York a 2004. Da kotuna biyu masu daraja ɗaya suka saɓa kan tambaya ɗaya, Kotun Ƙoli ta haɗa ƙararrakin ta saurare su ranar 7 ga Disamba, 2004. Kathleen Sullivan da Clint Bolick ne suka yi magana a madadin masu ƙara.

Akwai wani abu a jerin sunayen masu shari'ar da bai kamata ya wuce mai karatu ba. Ba jihohin kaɗai ne suka tsaya kare dokokin ba. Ƙungiyar dilolin giya ta Michigan ta nemi a sa ta cikin waɗanda ake ƙara, aka sa ta, har ɗaya daga cikin ƙararraki ukun da aka haɗa sunanta take ɗauke da shi. A New York ma manyan diloli sun shiga. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya kare cinikinsa a kotu, amma shigarsu ta nuna inda kuɗin yake.

Hujjojin jihohin guda uku ne. Ta farko, gyara na 21 ya ba su cikakken iko kan giya, har da ikon fifita ta gida. Ta biyu, aikawa ta intanet zai sa giya ta faɗa hannun yaran da ba su kai shekara 21 ba. Ta uku, ba za su iya karɓar haraji daga mai gonar da ke can nesa ba.

Mai Shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, Scalia da Souter da Ginsburg da Breyer suka goya masa baya. Haɗin nan kansa abin lura ne, don ba kasafai ake ganin Scalia da Ginsburg a layi ɗaya ba a shari'ar da aka rabu biyar da huɗu. Kennedy ya fara da ƙa'idar da ta shafi kowace haja: jiha ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin ɗan kasuwar gida da na wata jiha don ta amfanar da na gida. Ya kalli yadda dokokin suka kasance a lokacin, jihohi kusan 26 suna barin aikawa ta wata fuska, 13 daga cikinsu kuma bisa sharaɗin in ka bar nawa in bar naka, ya kira hakan ƙaramin yaƙin kasuwanci tsakanin jihohi, irin abin da aka rubuta kundin don a kawar. Game da gyara na 21, ya bi tarihin dokokin Wilson da Webb-Kenyon ya ce manufarsu ita ce jiha ta iya ɗora wa giyar waje dokar da ta ɗora wa ta gida, babu inda suka ba ta lasisin nuna wariya. Ya jingina da hukuncin 1984, inda kotun ta soke rangwamen harajin da Hawaii ta yi wa giyar abarba da wata barasar gargajiya tata.

Inda hukuncin ya fi gamsar da ni shi ne kan maganar yara. Kennedy bai ce kare yara ba abin damuwa ba ne. Cewa ya yi jihohin ba su kawo shaidar da ta nuna yara suna sayen giyar inabi ta intanet ba, kuma rahoton hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, na 2003 ya nuna jihohin da suka riga suka bar aikawa ba su kawo ƙorafin haka ba. Yaron da ke neman sha ya fi karkata ga abin da zai samu nan take kuma da araha, ba zai jira kwanaki a kawo masa kwalba mai tsada ba. Sannan ga hujjar da ba ta da amsa: idan aikawa gida haɗari ce ga yaro, kwalbar da ta taso daga gonar Michigan ba ta fi wadda ta taso daga California aminci ba. Jihar da ta bar ɗaya ta hana ɗaya fakewa take da guzuma tana harbin karsana. Kan haraji kuma, kotun ta ce jiha tana iya tilasta wa baƙo ya yanki lasisi, ya riƙa kawo rahoton ciniki, ya biya abin da ke kansa. Idan ya ƙi, akwai lasisinsa na tarayya da za a iya ƙwacewa, kuma wata doka ta 2000 ta ba manyan lauyoyin jihohi damar maka shi a kotun tarayya.

Huɗun da suka ƙi yarda ba da wasa suka zo ba. Mai Shari'a Clarence Thomas, tare da Babban Joji Rehnquist da Stevens da O'Connor, ya ce a karanta kalmomin dokar Webb-Kenyon da na gyaran kamar yadda aka rubuta su, babu inda aka ce banda dokar da ke nuna bambanci. Ya tuna cewa bayan 1933 jihohi da yawa sun yi dokokin fifita giyar gida, kuma a 1936 kotun nan da kanta, da alƙalamin Mai Shari'a Brandeis, ta amince da irinsu. Shi kuwa John Paul Stevens, wanda aka haifa a 1920, shekarar da haramcin ya fara aiki, ya rubuta nasa gajere. Ya ce mutanen yanzu suna kallon giya kamar kowace haja, amma waɗanda suka gyara kundin har sau biyu saboda ita ba haka suka ɗauke ta ba, kuma nufinsu ya kamata a bi.

A ganina Stevens ya faɗi gaskiya kan giya, masu rinjaye kuma sun yi daidai kan waɗannan dokoki biyu. Giya ba madara ba ce, tana rusa gidaje, tana kisa a kan titi, kuma al'umma tana da haƙƙin ta ɗaure ta da igiyar da ba za ta ɗaure sauran kaya da ita ba. Amma dokar Michigan ba ta rage ko kwalba ɗaya daga abin da mutanen Michigan ke sha ba. Abin da ta tsara shi ne aljihun da kuɗin zai faɗa. Hukuncin kuma ya bar wa jihohi babban ikonsu yadda yake: ya ce tsarin hawa uku halal ne a doka, jiha tana iya hana aikawa gida kwata-kwata, tana ma iya haramta giyar baki ɗaya. Sharaɗin ɗaya ne, abin da ta yanke ya hau kan ɗan gida da baƙo daidai wa daida.

Saboda haka kowace jiha ta tsinci kanta da zaɓi biyu, ta buɗe wa kowa ko ta rufe wa kowa. New York ta buɗe a Yulin 2005, ta ƙayyade katan 36 a shekara ga mai saye ɗaya daga gidan matsa ɗaya. A Michigan an fara yunƙurin rufe wa kowa, diloli na goyon baya, amma hakan na nufin manoman jihar su rasa cinikin da suke yi, sai suka tashi tsaye. A Disambar 2005 Gwamna Granholm ta sa hannu kan dokar da ta bar kowane gidan matsa mai lasisi, na gida ko na waje, ya aika har katan 1,500 a shekara. Juanita Swedenburg ta ga wannan da idonta kafin rasuwarta a 2007.

Wasu jihohin kuma suka koma neman dabarar da za ta nuna wariya ba tare da ta furta ba. Misalin Massachusetts ya fi kowanne fitowa fili. A 2006 majalisarta ta yi dokar da ta ce gidan matsar da ke fitar da galan 30,000 ko ƙasa da haka a shekara yana iya haɗa aikawa gida da sayar wa dila, wanda ya haura kuwa sai ya zaɓi ɗaya. Dokar ba ta ambaci ɗan gida ko baƙo ba. Amma duk gidajen matsa na Massachusetts suna ƙasa da wannan ma'auni, alhali kusan kashi 98 cikin 100 na giyar inabin ƙasar daga waɗanda suka haura shi take fitowa. Har ma an tsara cewa giyar wasu 'ya'yan itace, kamar tuffa, ba ta shiga lissafin galan ɗin, abin da ya tsare mai yin ta a jihar daga tsallake layin. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta ɗaya ta soke dokar a Janairun 2010, jihar kuma ba ta buɗe ƙofa sosai ba sai a farkon 2015. Indiana da Kentucky suka ce sai mai saye ya je gonar da ƙafarsa tukuna. A 2008 wata kotun ta amince da sharaɗin Indiana, wata ta soke na Kentucky, duk da kamannin da ke tsakaninsu.

Mai karatu a Najeriya zai ga wani abu da ya sani a nan. Kundin 1999 ya sa ciniki tsakanin jihohi cikin jerin ikon tarayya, ya kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisin sayar da giya da sa ido a kai. Tun da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a 2000 wasu jihohin Arewa suka bi, ake ta muhawara kan motocin giyar da Hisbah ke kamawa a Kano, da kan rabon harajin VAT da ake samu daga giya, maganar da ta sake zafi a 2021 lokacin da jihar Ribas ta yi nasara a kotu kan karɓar harajin. Kundin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, hukuncin Amurka kuma ba ya aiki a nan. Amma bambancin da ya fitar yana da amfani ga mai tunani: jihar da ta hana abu ga kowa saboda ta yi imani yana cutarwa daban take da wadda ta hana baƙo don ɗanta ya ci kasuwa.

Yau mafi yawan jihohin Amurka suna barin gidajen matsa su aika kai tsaye, Utah na cikin 'yan kaɗan da suka riƙe tsauri. Mai gona yana yankar lasisi a kowace jiha daban, yana bin ƙayyadadden adadinta, yana biyan harajinta. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar giya, don haka kamfanoni irin su UPS da FedEx ne ke kaiwa, da tambari a jikin katan, kuma sai baligi mai shekara 21 ya nuna katin shaida ya sa hannu. A nan ne nake ganin raunin tsarin, domin duk kariyar da aka yi wa yara alkawari ta rataya ne a wuyan direban da ke sauri ya gama rabon kayansa. Jihar da ta damu da yara da gaske, wurin da za ta sa ƙarfinta ke nan, ta riƙa bincike tana cin tarar kamfanin da ya ajiye katan a bakin ƙofa ya wuce.

Faɗan kuma ya koma hawa na uku, wato masu shaguna. A Yunin 2019 Kotun Ƙoli, da rinjayen bakwai da biyu, ta soke dokar Tennessee da ta ce sai mutum ya shekara biyu a jihar kafin ya samu lasisin buɗe shagon giya. Mai Shari'a Alito ya ce ƙa'idar Granholm ba ta tsaya kan masu gona kaɗai ba. A wannan karon ma ƙungiyar masu shagunan jihar ce ta ɗauki nauyin kare dokar har Kotun Ƙoli. Amma a 2020 kotun shiyya ta shida ta amince Michigan ta bar shagunan cikinta su kai wa mutane giya gida ta hana wani shago na Indiana, bisa hujjar cewa shagon waje bai sayi kayansa ta hannun dilan Michigan ba, kuma barinsa zai rusa tsarin hawa ukun da Kennedy ya ce halal ne. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2021. Wannan ya fi shafar giyar da ake shigowa da ita daga Faransa ko Italiya, domin lasisin aikawa kai tsaye na gidajen matsa na cikin Amurka ne, ita kuwa ta shago kaɗai take isa ga mai saye, kuma jihohi kaɗan ne ke barin shagon wata jiha ya aiko da ita.